A Shigo da Kaka da Makaɗi Cikin Aji

Gaisuwa ga mutanen Kelle da ƙauyukan da ke gindin duwatsun Kutus, da na Gure, da na Tesker, da duk wanda muryar gidan rediyon nan ta iske a gida, ko a gona, ko a bakin rijiya. Shirinmu na faɗakarwa na yau na iyaye ne da malaman lakwal, kuma magana ɗaya zai bi: tatsuniya da kiɗa da rawar gargajiya, shin suna da wurin zama a cikin aji, ko iyakarsu bakin ƙofar makaranta?

Bari a fara da mutumin da yawancin masu saurare suka san muryarsa. Malam Maman Barka haifaffen Tesker ne, ɗan Tubawa makiyaya. Kafin duniya ta san shi da gurmi, alli ya riƙe, domin malamin makaranta ne. Da gurminsa mai tsirkiya biyu ya yi suna a Nijar da arewacin Nijeriya, yana waƙa da Hausa da Barbarci da yaren iyayensa. A shekarar 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya kama hanyar tafkin Cadi, wurin Buduma masunta, yana neman wani abin kiɗa da ake kira biram, mai tsirkiya biyar, wanda aka sassaƙa jikinsa kamar kwalekwale. Gwanin biram ɗaya tak ya tarar a raye, wani tsoho mai suna Bukar Tar, samari kuwa sun riga sun juya wa abin baya. Tsohon ya karɓe shi, ya zaunar da shi ya koya masa, daga baya ya damƙa masa nasa biram ɗin. Bayan rasuwar Bukar Tar, Maman Barka ne ya ɗauki biram ya kai shi har Turai, ya fitar da faifai a 2009 tare da abokin kiɗansa Umaru Adamu. Maman Barka ma Allah ya yi masa rasuwa a Yamai a watan Nuwamba na 2018. Allah ya jiƙansu duka.

Ana ba da wannan labari a matsayin nasara, kuma nasara ce. Sai dai da ƙyar aka sha. Da Malam ya yi jinkirin 'yan shekaru, da biram ya bi tsohon nan kabari, iyaka a riƙa nuna shi a gidan tarihi babu mai iya taɓa shi. Abin tambaya shi ne, yara nawa suka ratsa makarantun bakin tafkin a shekarun da Bukar Tar ke zaune shi kaɗai da biram ɗinsa, kuma me ya hana a kai su gabansa ko sau ɗaya?

Akwai wata al'umma nesa da nan da ta ɗanɗana wannan hasara fiye da yadda mu muka taɓa sani, kuma ta yi nisa wajen gyara. Su ne Lakota, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin ƙasar Amurka, mazauna filayen ciyawa na jihohin Dakota ta Kudu da Dakota ta Arewa. A dā mahaya dawaki ne, mafarautan ɓauna, masu zama a tanti suna bin dabba inda ta nufa. Duk Bafillace ko Buzu ko Batube da ke saurare zai gane irin wannan rayuwa. Da gwamnatin Amurka ta ci su da yaƙi, ta tattara su a keɓaɓɓun yankuna irin su Pine Ridge da Rosebud da Standing Rock, sai ta juya kan 'ya'yansu. A 1879 wani hafsan soja mai suna Richard Henry Pratt ya buɗe makarantar kwana a Carlisle, cikin jihar Pennsylvania, kuma rukunin farko na ɗaliban daga Rosebud da Pine Ridge aka kwaso su. Da zuwan yaro sai a aske masa doguwar sumarsa, a tuɓe masa kayan gida a sa masa irin na soja, a raɗa masa sunan Turawa. In aka ji ya yi yarensu, horo ne. Manufar ba a ɓoye take ba: a kashe al'adar da ke cikin yaron, a mayar da shi wani mutum dabam. A 1883 hukuma ta fitar da ƙa'idojin da suka haramta manyan raye-rayensu na ibada. Wani rahoto da gwamnatin Amurka da kanta ta fitar a 2022 ya ƙirga irin waɗannan makarantun kwana har 408 da aka gudanar tsakanin 1819 da 1969.

Sakamakon yana nan har gobe. Waɗanda suka tashi da harshen Lakota a bakinsu tun daga nono, yau 'yan dubbai kaɗan ne, yawancinsu tsofaffi. Sai a 1978 dokar Amurka ta amince wa 'yan asalin ƙasar su yi ibadarsu a fili, sai a 1990 ta amince cewa harsunansu abin kiyayewa ne.

To, ta ina suka ɓullo wa gyara? Ta ƙofar da ɓarnar ta shigo, wato makaranta. Cikin waɗanda suka fi yin fice a wannan aiki akwai Kevin Locke na Standing Rock, wanda aka haifa a 1954, ya rasu a 2022. Shi ma, kamar Malam Maman Barka, karatun aikin malanta ya yi. Ya farfaɗo da busar sarewar gargajiya a lokacin da masu iya ta suka kusa ƙarewa, yana bin dattawa da tsofaffin faifai yana kwasar waƙoƙi. Ya kuma koyi rawar zobba daga wani abokinsa ɗan wata ƙabila, Arlo Good Bear: rawa ce da mutum ke yi da manyan zobba, shi har 28 yake ɗauka, yana saƙa su a jikinsa yayin da ganga ke tashi, su zama fure, su zama fukafukan gaggafa, su zama ƙwallon duniya. A 1990 Amurka ta ba shi babbar lambar yabo ta masu fasahar gargajiya. Ya zaga ƙasashe da yawa, amma mafi yawan aikinsa a zaurukan makarantu ya yi shi. Kuma ba ya barin yara a zaune suna kallo. In ya gama sai ya raba musu zobba, ya ce kowa ya tashi ya gwada. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace muhimmanci a cikin aikinsa, domin yaron da ya yi kallo zai manta kafin sati ya zagayo, wanda ya yi da ƙafarsa kuwa jikinsa ya riƙe.

Ba shi kaɗai ba ne. A Pine Ridge akwai wata makaranta da 'yan mishan suka kafa a 1888, wadda a da tana cikin masu hana yara yarensu. Yau a cikinta akwai azuzuwan da ake koyar da ƙanana da harshen Lakota tun daga safe har tashi. Jihar Dakota ta Kudu kuma ta tsara jagorar darussa kan tarihi da al'adun ƙabilun asalin jihar, wadda aka gina bisa hirarraki da dattawansu, don amfanin 'ya'yan kowa, ba nasu kaɗai ba.

Wani abin da zai ba mai saurare mamaki: babban ɗan wasan tatsuniyoyin Lakota, wanda suke kira Iktomi, gizo ne. Mai wayo ne, makwaɗaici, mai faɗawa ramin da ya haƙa wa wani. A wata tatsuniyarsu ya iske agwagi a bakin ruwa, ya ce zai yi musu waƙa su yi rawa, da sharaɗin kowa ya rufe ido. Suna rawa yana murɗe wuyansu ɗaya bayan ɗaya, sai da guda ta buɗe ido ta yi kururuwa sauran suka tsira. Duk yaron Kelle da ya ji wannan zai ce ai mijin Ƙoƙi ne. Kuma su ma, kamar mu, ba su yarda a yi tatsuniya ko yaushe ba. Nasu lokacin daren hunturu ne.

Mu dawo gida. Allah bai jarrabe mu da irin abin da ya sami Lakota ba. Harsunanmu na raye, kasuwar Kelle shaida ce. Amma tsofaffin 'yan lakwal ba su manta da sambol ba, wannan abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana yarensu a farfajiyar makaranta, ya yi ta farautar wani da zai miƙa wa kafin a tashi, don wanda ya kwana da shi shi ke shan horo. Abin da sambol ya koya wa yara ya fi Faransanci zurfi: ya koya musu cewa abin da ke bakin uwarsu abin kunya ne. An daina rataya shi, amma tunanin da ya shuka bai gama mutuwa ba.

Jahar Damagaram ce kuma ta fara nuna wata hanya. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a birnin Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin a shigo da Faransanci. Daga baya gwajin ya haɗa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa, sannan kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. A zamanin Seyni Kountché, samariya da bukin matasa na ƙasa sun sa kowace jaha ta riƙa tono raye-rayenta da waƙoƙinta don gasa, kuma waɗanda suka yi zamanin suna tuna yadda malaman makaranta irin su Yazi Dogo suka riƙe wasan kwaikwayo na rediyo a Damagaram. Ke nan ba baƙon abu ake kira a shigo da shi ba. A takarda hanya a buɗe take. Abin da ya rage shi ne a ga abin a cikin aji, ranar Litinin da safe, ba ranar zuwan manyan baƙi kaɗai ba.

Kelle kuwa tana da arzikin da garuruwa da yawa ba su da shi. A aji ɗaya ana iya samun ɗan Dagra, da Bamange, da Bahaushe, da Bafillace, da Buzu, da Batube. Wasu malamai suna ganin wannan a matsayin wahala, kuma gaskiya akwai wahala a ciki, musamman ga malamin da aka turo daga Doso ko Tawa bai iya Barbarci ba. Amma a darasin al'ada wannan cakuɗuwa ita ce jarin. Algaita da gangar fada suna nan. Tende na matan Buzaye, wanda turmi ne aka ɗaura wa fata, yana nan, haka imzad mai tsirkiya ɗaya da mata ke gogawa, wanda UNESCO ta sa a jerin gadon duniya a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Sarewar makiyaya tana nan, da kalangu, da gangar noma, da kiɗan ƙwarya, da gaɗar 'yan mata a dandali. A 2014 UNESCO ta ƙara da wasan barkwanci na Nijar, irin wanda ke tsakanin Barebari da Fulani, inda kowa ke cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa, a yi dariya a rabu lafiya. Mutanen duniya sun zauna sun ce wannan abin kiyayewa ne. Bai kamata a ce lakwal ɗin da ke tsakiyar masu abin ita ce ba ta san da shi ba.

Yanzu, yaya ake yi? Tatsuniya ta fi sauƙi, don ba ta bukatar ko dala. A ɗauki wadda kowa ya sani, ta Gizo da hankaki. Hankaki sun ara wa Gizo gashi ya tashi tare da su zuwa wani ɓaure da ke tsakiyar ruwa. Da isarsu, duk 'ya'yan da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani. Da suka gaji da halinsa, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan itace ruwa ya kewaye shi. A ce wata tsohuwa daga unguwa ce ta zo ta zauna kan tabarma a gaban 'yan aji uku, ta buɗe da ga ta nan ga ta nanku, yara suka amsa da murya ɗaya. Minti goma sha biyar ya ishe ta. Aikin malam bayan ta rufe baki yake farawa. Yaro ɗaya ya maimaita labarin da Hausa, wata ta maimaita da Barbarci, a tambayi 'yar Fulani ko a rugarsu akwai irinsa, kuma wace dabba ce ke wayon a can. A jera abin da ya faru: mene ne na farko, mene ne ya biyo, me ya jawo me. Wannan shi ne ginshiƙin rubutun insha'i, da kowane harshe za a yi shi. A rubuta jimla biyar a allo da harshen gida, a juya su zuwa Faransanci. A tambayi yara: hankaki sun kyauta da suka bar shi a tsakiyar ruwa, ko sun wuce gona da iri? Nan za a ji gardama daga bakin yaran da wata uku ba a ji muryarsu ba. Yaron da ke sunkuyar da kai in an tambaye shi da Faransanci, ba rashin basira ke damunsa ba. Bakinsa ne aka ɗaure.

Akwai ƙa'idar da bai kamata a taka ba. An saba hana tatsuniya da rana, kuma wata tsohuwar ba za ta yarda ta karya wannan ba. Kada a tilasta mata. A shirya zaman dare a farfajiyar lakwal lokacin farin wata, sau ɗaya a wata, iyaye su zo da tabarminsu, washegari malam ya ɗora darasi a kai. Ta haka ma an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, don uwar da ba ta taɓa taka makarantar ɗanta ba ta shigo, kuma ta shigo a matsayin mai ba da ilimi.

Littattafai ma akwai. Tun tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga manyan kundaye uku na tatsuniyoyin Hausa da malamai suka rubuta masa. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni musamman don 'yan makaranta. A Yamai cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968, ta daɗe tana ɗaukar muryoyin dattawa. Amma waɗannan duka taimako ne. Tatsuniyar Kutus, da sunayen duwatsunta da rijiyoyinta, ba a Kano ko Yamai take ba, tana bakin tsofaffin Kutus.

Tarihi ma haka. A dā Lakota suna da wata dabara ta ƙirga shekaru: kowace shekara dattawa su zaɓi babban abin da ya faru a cikinta, a zana hotonsa ɗaya a kan fatar ɓauna, mai ajiyar fatar ya haddace labarin kowane hoto. Yau malamansu kan sa yara su yi irin wannan zane na rayuwarsu ko na garinsu. Mu ma haka kakanninmu suke riƙe zamani, da suna ba da lamba ba. Yunwar 1913 zuwa 1914 ana ce mata Kakalaba, ta 1984 ana ce mata El Buhari, kuma kowane gari yana da shekarar fari, da shekarar da aka haƙa rijiya kaza, da shekarar da aka naɗa wane. A aiki 'yan aji shida gida su tambayo sunayen shekaru, a jera su a bangon aji, a sa lambar kowace a ƙarƙashinta. Bature Heinrich Barth ya ratsa Gure a ƙarshen 1852 ya rubuta abin da ya gani na ƙasar Muniyo, kuma yana da kyau yara su san haka. Amma abin da mutanen ƙasar suka ajiye da kansu yana cikin kirarin sarakuna da take na algaita. Makaɗin fada da zai tsaya gaban yara ya jero sarakunan da suka gabata, ya faɗi wanda ya haifi wane, darasin tarihi ya bayar, kuma babu littafin da ke ɗauke da shi.

Kiɗa da rawa su ne suka fi jawo magana, saboda haka gara a fito da maganar fili. Akwai iyayen da za su ce ba su sa ɗansu lakwal don ya zama maroƙi ba. Akwai malaman addini da ke da ra'ayi mai ƙarfi a kan kiɗa, da cuɗanyar maza da mata a fagen rawa. Waɗannan ba mutanen da za a yi wa dariya ba ne, kuma duk daraktan da ya yi gaban kansa bai shawarce su ba, shirinsa ba zai kai ƙarshen shekara ba. A zauna da liman, da hakimi ko mai gari, da kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar uwayen ɗalibai, a tantance abin da za a shigo da shi. Waƙar daka, da waƙar reno, da kiɗan noma da ke ƙarfafa gwiwar manomi a gayya, da gaɗar 'yan mata su kaɗai, da langa da kokowar yara maza, da wuya a sami mai ƙin su. Abin da ya shafi bori ko tsafi, ko waƙar batsa da zambo, a bar shi waje. Lakota ma haka suka yi: rawar zobba da waƙoƙin zumunci suke kai wa makarantu, manyan ibadunsu kuwa ba sa mayar da su abin kallo.

Batun zama maroƙi kuma, yaron da ya koyi lissafi ba dole ya zama ɗan kasuwa ba. Abin da ake nema shi ne ya san take in ya ji, ya san me kalangu ke faɗi, ya iya riƙe amshi, ya san waƙar da kakarsa ta yi wa uwarsa tana goye. In kuma cikin ɗari aka sami ɗaya da Allah ya ba hannu, to ga cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. Ba asara aka yi ba.

Wani abin da ke ɓata irin wannan shiri shi ne raina mai ilimin. A kira makaɗi ya bar gonarsa, a tsayar da shi a rana yana jiran darakta, a ƙarshe a sallame shi da na gode. Gobe ba zai dawo ba, kuma yana da gaskiya. Wanda ya zo koyarwa malami ne a wannan sa'a. A shimfiɗa masa, a gabatar da shi da sunansa da na wanda ya koya masa, yara su miƙe su gaishe shi yadda suke gaida malaminsu. A ba shi abin goro daga asusun kwamiti, ko jaka ɗaya ce, ko tiyar hatsi. Yara suna lura da wanda ake girmamawa, kuma daga nan suke yanke hukuncin abin da ke da daraja.

Haka nan a guji mayar da al'ada kayan ado. An sha gani: sai baƙo zai zo daga Gure ko Damagaram sannan a tattaro 'yan mata goma, a ɗaura musu zane iri ɗaya, a koya musu taka rawa cikin kwana uku, baƙo ya tafa ya shiga mota, a ninke zannuwan sai baɗi. Wannan tarba ce, kuma tarba ba laifi ba ce, amma ba ilimi ba ce. Sa'a ɗaya a kowane sati, ga kowane yaro, tun daga buɗe makaranta a watan Oktoba har hutun damina, ta fi bukin shekara guda goma amfani.

Za a ce azuzuwa da yawa na zana ne, babu teburi, babu littattafai, malami ɗaya yana riƙe da yara fiye da ƙima, sai a ƙara masa wani kaya? Wannan kuka gaskiya ne, kuma shirin nan bai ce tatsuniya za ta gina aji ba. Amma cikin duk abin da makarantar ƙauye ke bukata, wannan ne kaɗai ba sai an jira mota ta kawo shi daga Yamai ba. Kayan aikin suna cikin gari. Wayar salula da ke aljihun malam ta isa ta ɗauki muryar tsohuwa, da izininta, a ajiye, a rubuta sunanta da ranar da aka ɗauka. Wayar nan da ake zargi da raba yara da hirar dare, ita ce kuma za ta iya riƙe hirar. Lakota sai da suka koma ɗakunan ajiya suna sauraren muryoyin kakanninsu a tsofaffin faifai kafin su dawo da wasu waƙoƙin. Mutanen Kelle ba su kai nan ba. Masu waƙoƙin suna raye, wasu ma suna sauraren wannan shiri yanzu.

Saboda haka kira ga daraktoci da malamai na Kelle da kewaye: kafin ƙarshen wannan wata, kowace lakwal ta zauna da kwamitinta ta rubuta sunayen mutum biyar na garin da suka iya wani abu, mai tatsuniya, ko makaɗi, ko mai busa, ko masanin tarihin gari, a fara da wanda ya fi tsufa. Iyaye mata, in malam ya aiko yaro da tambaya, kada ku kore shi da cewa wannan zancen dā ne. Ku zaunar da shi ku ba shi. Ku kuma kakanni, in an gayyace ku, don Allah ku amsa. Duk makarantar da ta fara, ta aiko wa gidan rediyon nan da labari, za a sa muryoyin yaranta a shiri na gaba.